Hirudin ko heparin don gwajin platilet? Ki ɗauki na matsattsaku

Ƙanwata mai tambayar wanne cikin magungunan hana jini daskarewa biyu, hirudin ko heparin, za ki zuba a jinin da za ki auna haɗuwar platilet (ƙananan ƙwayoyin jini masu mannewa su tsayar da zubar jini) a kansa, ki sayi hirudin, kada ki tsaya wata-wata.

Duk wanda matsattsaku ya taɓa kamawa a rafi ya san yadda jinin ke ci gaba da ɗiga ko bayan ya saki. Hirudin na cikin abubuwan da ke yawunsa. Wani masani mai suna Haycraft ne ya fara gano shi a Birmingham a 1884, sai a shekarun 1950 wani masanin, Markwardt, ya tace shi a Jamus. Wanda ake sayarwa yanzu galibi a jikin yis ake samar da shi. Ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 65, yana cafke tirombin (sinadarin da ke sa jini ya daskare) kai tsaye, ba ya neman taimakon antitirombin (furotin ɗin jini mai hana tirombin aiki), kuma ba ya taɓa kalsiyam ɗin jini. Platilet kuwa sai da kalsiyam suke aiki yadda Allah ya yi su.

Ranar da na fara amfani da shi ba zan manta ba. Malamina ya miƙo mini 'yar kwalba, farin garin da ke ƙasanta da ƙyar ake ganinsa, ya ce in riƙe ta kamar ƙwai. Na narka, na rarraba a ƙananan kwalabe, na sa a firiza. Jinin ya zauna lafiya ƙalau, platilet ba su motsa ba sai da na ɗiga musu ADP, sinadarin da ke sa su haɗu. Na maimaita sau uku, sakamakon bai saɓa ba. Wallahi ranar sai da na yi sujudar godiya.

Heparin dai yana da araha kuma ko'ina akwai shi, amma shi ya cinye mini wata biyu: yana tsokanar platilet tun kafin a fara, in kuma za ki yi PCR (gwajin ninka DNA) daga baya, zai hana ki.

Sai ki kula da 'yan kasuwa. Akwai masu tallar man matsattsaku a intanet suna kiransa hirudin, ba shi ba ne. Ki nemi takardar gwajin wannan rukunin da za a ba ki, wadda ta nuna ATU (ma'aunin ƙarfinsa na hana tirombin aiki) nawa ne a kowane miligiram. Wanda ya fara kame-kame, ko ya kawo miki kaya ba ƙanƙara bayan ya kwana a tasha, ki mayar masa da abinsa kafin ki biya ko sisi.