Gargaɗi ga masu aski da masu kemis: a kula da mai kawo sifirit ɗin jarka

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa wani mai shagon aski ko mai kemis da ya sani, saboda abin da ya faru da ni ba na so ya faru da kowa, kuma ba kuɗina da suka tafi ne suka fi damuna ba, kawunan mutane ne da na yi ta gogawa ruwa ina cewa na kashe musu ƙwayar cuta.

Akwai wani mutum da ke tallan sifirit a guruf ɗinmu na WhatsApp, yana kawowa a jarka mai lita 5 har bakin shago a kan babur, kuɗinsa kusan rabin na kemis. Cewa yake daga kamfani yake ɗaukowa kai tsaye shi ya sa yake da araha. Jarkar ba takarda, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, amma kalar ta yi, ƙamshin ma ya yi, har da ɗan turare-turare yake. Na sayi jarka biyu, na ɗuɗɗura a ƙananan kwalaben feshi na ci gaba da aiki da shi wajen sati uku, ina fesa wa kilifa da reza da cokalin taje gashi, ina shafa wa mutane a ƙeya da gemu bayan aski.

Yadda asiri ya tonu kuwa, lokacin zafin nan ne, kun san kwastoma na jin daɗi in ka fesa masa abu mai sanyi bayan aski, sai na ba maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara robobi biyu ya ajiye min a firizarsa, ɗaya ragowar tsohon da na saya a kemis ɗaya kuma na mutumin nan, na manta da su har washegari. Da safe ya miƙo min, na kemis ruwa ne tsululu sai dai sanyi kamar ya yanke hannu, na mai babur kuwa ya zama dutse, robar ta kumbura har gindinta ya turo waje ba ta iya tsayuwa a tebur.

Ƙanena da ke karatun kimiyyar sinadarai na kira, ya ce Yaya ai ruwa aka sayar maka. Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, shi kuwa sinadarin alkohol zalla, wanda ake kira etanol, sai sanyi ya kai wajen 114 ƙasa da sifili kafin ya daskare, firizar gida kuma in ta samu wuta sosai a kusan 18 ƙasa da sifili take tsayawa. To in aka gauraya su, iya yawan alkohol iya wahalar daskarewa. Ya ce ko a ƙasashen da ake shan giya an san wannan, giyar inabi da ke da alkohol kamar kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari in aka manta da ita a firiza daskarewa take, ruwan cikinta ya kumbura ya turo marfin ko ya fasa kwalbar, domin ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, amma barasa mai ƙarfi irin ta kashi 40 sai ta kwana nawa a firiza ba ta daskare ba. Mu ba ruwanmu da shan su, Allah ya tsare, lissafin ne dai ɗaya. In mai kashi 40 ba ta daskarewa, to sifirit ɗin da ya kamata ya kai kashi 70 ta ina zai zama dutse a dare ɗaya?

Wannan ne ya tayar min da hankali. Masana lafiya sun ce abin goge hannu ko kayan aiki sai alkohol ɗinsa ya kai aƙalla kashi 60 kafin a dogara da shi, wanda ya gaza haka nesa sai dai ka ji sanyi a fata. Ku tuna aikinmu fa, kilifa tana ɗan yanka, reza tana fito da jini, yaro mai makero ya tashi wani yaron ya zauna. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a jikin ƙarfe da ranta. Wallahi na kwana ina lissafa fuskokin yaran da iyayensu suka kawo min da amana.

Da na kira mai sifirit ɗin ya fara da rantsuwa, wai firizar ce ta yi ƙarfi da yawa, da na ce ga na kemis nan a firiza ɗaya bai daskare ba sai ya ce zai zo ya canza min, har yau, yanzu ma ya toshe lambata. Mutum biyu a layinmu sun gwada nasu, ɗaya ya daskare gaba ɗaya, ɗayan ya yi ɓarɓashin ƙanƙara a sama da ɗan ruwa a ƙasa, ƙanena ya ce haka yake yi, ruwan ne ke fara daskarewa ya bar ɗan alkohol ɗin da ke ciki.

In za ku gwada ku zuba a robar ruwa kar ku sa kwalba, kar ku cika ta, ku rubuta a jiki don kar yaro ya ɗauka ruwan sha ne, kuma a samu firizar da ke daskarar da ruwa da gaske, ba wadda wuta ke zuwa mata awa biyu ta ɗauke ba. Ku sa robar ruwan famfo a gefe don ku tabbatar firizar ta yi aikinta. Sannan ku lura, sifirit mai kyau in ka zuba a tafin hannu nan da nan yake bushewa, wannan kuwa sai ya bar hannu a jiƙe, na ga hakan tun farko ban kawo komai a raina ba.

Amma fa rashin daskarewa ba shi ne shaidar mai kyau ba. Akwai wani sinadari metanol, shi ma ba ya daskarewa a firiza, guba ne mai makantarwa da kisa, shi ne aka samu a giyar gargajiyar nan ta ogogoro da ta kashe mutane a Irele ta jihar Ondo a 2015, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan sanitaizar da aka samu da shi a ciki. Gwajin firiza sifirit mai ruwa kawai yake kamawa, saboda haka a saya a kemis mai rajista, a kwalba mai hatimi da lambar NAFDAC da adadin kashi a rubuce.

Jarka ɗaya da rabi na nan na ajiye ban zubar ba, da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ofishin NAFDAC. Duk wanda ya saya a wurinsa ya daina amfani da shi yau, ya riƙe jarkar, ya yi min magana mu tafi tare.