Hotunan Maguna Na Bango Da Na Yi Oda

Set ɗin guda huɗu ne, girman A3, kyanwa ɗaya ce aka maimaita amma kowanne da kalarsa, ɗaya ruwan hoda ɗaya ruwan ɗorawa sai shuɗi da kore. Wannan salon shi ake ce wa pop art, irin wanda Andy Warhol ya yi suna da shi a Amurka wajen 1960 zuwa sama, a ɗauki fuska ɗaya a yi ta juya mata kala mai ƙarfi. Shi ma ashe mutumin maguna ne, gidansu da mahaifiyarsa a New York cike yake da su kuma kusan duk Sam ake kiransu.

Gaskiya bugun ya fita, takardar na da kauri, baƙin layin gashin baki ya zauna tsaf bai yi dishi-dishi ba. Na shuɗin nan ya fi kashe ni da dariya, ta sa tabarau ta ɗan karkace kai tana harara kamar uwar gida ta ga amarya.

Inda mai sayarwar ta gaza shi ne firam, roba ce mara nauyi kuma ɗan ƙarfen ratayewa na baya ba a tsakiya yake ba, kana ratayawa sai ya karkace, dole na kai wa mai firam ya canza min na katako da gilashi, dama ga ƙurar hunturu. Koren ma bai kai hasken da na gani a waya ba.

Hajiyarmu dai ta ce kar in kuskura in sa su ɗakin da ake sallah, don haka suna koridon shiga kicin, inda rana ba ta dukansu balle kalar ta koɗe.