Daga Maraɗi Zuwa Yamai: Jirgi, Bas Ko Ƙaramar Mota?

Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai kusan kilomita 660 a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, amma ta sama tazarar ba ta wuce kilomita 540 ba. Jirgi yana cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ya sauke mutum a filin Diori Hamani, alhali bas yana ɗaukar awa 10 ko fiye. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi kaɗai zai ce jirgi ya gama magana. Sai dai jirgin ba kullum yake sauka Maraɗi ba, kuɗinsa ya ninka na bas sau da yawa, kuma idan aka ɗage tashinsa, awa ɗayar nan tana iya komawa kwana biyu na zaman jira.

Ni dai babban bas na kamfani nake zaɓa. Yana tashi da asuba daga tasharsa, kowa da lambar kujerarsa, ana auna kaya a liƙa musu takarda, sannan a bi ta Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, a shiga Yamai wajen la'asar idan hanya ta yi kyau. Ana tsayawa salla da cin abinci, kuma mai buhun kaya ba ya biyan abin da zai biya a jirgi. Wanda ya samu kujerar taga, wani lokaci yakan hangi raƙuman dawa a wajen Kure, kusan kilomita 60 kafin Yamai. Ya kamata a sayi tikiti tun jajibiri, a nemi kujerar gaba ko ta tsakiya domin ta baya tana karya ƙugu, a kuma riƙe katin shaida a aljihun gaba saboda shingayen jandarma.

Ƙananan motocin haya da ke jiran cika kuwa, sai mai neman wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne masu damfara. Wata shekara ina gaggawar kai mahaifiyata asibiti a Yamai, wani ya turo mini hoton tikitin jirgi ta WhatsApp, da tambari da lambar kujera, ya ce in aika rabin kuɗin ta waya kafin wurin ya tafi. Na aika. Da muka isa filin jirgi da tsohuwa da jakunkuna, babu sunanmu a takardar fasinjoji, lambarsa kuma a kashe. Saboda haka kada a biya kowa sai a tagar kamfani ko ofishin da ake iya komawa gobe, a karɓi rasit mai hatimi, a duba suna da kwanan wata kafin a bar wurin. A bakin tasha ma akwai 'yan kamasho da ke tare mutum su ce, “Alhaji, bas ya cika, amma akwai wata mota yanzu za ta tashi,” su karɓe jakarsa tun bai amsa ba. A riƙe jaka, a wuce ciki, a tambayi mai sayar da tikiti da kansa.