Wace kwaleji za a kai sabon ɗalibi a New York? Abin dubawa kafin a cike fom

Da zarar sanyi ya fara sauka a Bronx, zancen da ake yi a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a kusan ɗaya ne. Wani ɗansa zai gama sakandare a watan Yuni, wani ƙanwarsa ce ta iso daga Kumasi da sakamakon WAEC a jaka, wani kuma shi da kansa ya gaji da tuƙin tasi yana son komawa aji. Tambayar da ake jefo mini ita ce: a cikin kwalejojin nan na shekara biyu, wacce ta fi suna? Amsata kullum ita ce suna ba shi ne abin saye ba a wannan kasuwa.

Ga dalili. Kwalejojin shekara biyu da ke ƙarƙashin jami'ar birni, wato CUNY, guda 7 ne: Bronx Community College da Hostos a Bronx, Borough of Manhattan Community College (BMCC) da Guttman a Manhattan, LaGuardia da Queensborough a Queens, sai Kingsborough a Brooklyn. Kuɗin karatunsu ɗaya ne. Mazaunin birni da ke cikakken karatu yana biyan dala 2,400 a zango, dala 4,800 ke nan a shekara, ban da ƙananan kuɗaɗen rajista da na ƙungiyar ɗalibai. Wanda ba a lissafa shi mazauni ba, har da mai bizar karatu, dala 320 yake biya a kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin kowane kwas da shi. Takardar da za a fita da ita kiredit 60 ce a yawancin fannoni, kuma tun 2013 akwai tsarin da ake kira Pathways wanda ya sa darussan gama-gari na kiredit 30 suke bin ɗalibi duk inda ya koma a cikin CUNY. To idan farashi ɗaya ne, takarda kuma tana shiga ƙofa ɗaya, me ya rage a kwatanta? Abu uku: wa zai riƙe hannun yaron a shekarar farko, awa nawa zai ɓata a hanya, da kuma ko akwai abin da zai sa ya tsaya a makaranta bayan an tashi daga aji.

A fara da riƙon hannu, don a nan ake yin asara. Yaranmu ba kasafai karatu ke kayar da su ba. Abin da ke kayar da su shi ne wasiƙar da ba a buɗe ba, fom ɗin tallafi da ranarsa ta wuce, kwas ɗin da aka ɗauka alhali ba ya cikin lissafin takarda, da aikin dare da ya cinye ajin safe. Iyaye da yawa ba su bi ta wannan tsari ba, ba su san inda ramukan suke ba.

Babban abin da zan ce a nema shi ne shirin ASAP. An fara shi a 2007, kuma yana cikin shirye-shiryen da aka auna da gaske. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai kusan 900 ta hanyar ƙuri'a a BMCC da LaGuardia da Kingsborough, wasu suka shiga shirin wasu suka bi hanyar kowa. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun karɓi takardarsu, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Abin da shirin ke bayarwa ba wani sihiri ba ne: kuɗin shiga jirgin ƙasa da bas, taimakon sayen littattafai, cike giɓin kuɗin makaranta ga wanda tallafinsa bai kai ba, da mai ba da shawara guda ɗaya wanda ya san sunanka, kuma dole ka riƙa zuwa wurinsa. Wannan "dole" ɗin ita ce gishirin miyar. Sharaɗinsa kuma shi ne cikakken karatu, aƙalla kiredit 12 a zango. Mai iyali da ke aikin awa 50 a mako ya yi wa kansa lissafi na gaskiya kafin ya sa hannu.

Akwai wani shirin da ya girme shi, College Discovery, tun 1964, na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi waɗanda makinsu na sakandare bai yi ƙarfi ba. Yana ba da ƙarin darasi, mai ba da shawara da ɗan kuɗin kashewa. Ba a haɗa shi da ASAP, ɗaya ake zaɓa, kuma a kan fom ɗin neman shiga ake nuna ana so. Wanda ya tsallake wannan layin yakan yi cizon yatsa daga baya.

Guttman ta bi tata hanyar daban. An buɗe ta a 2012 kusa da Bryant Park, ƙarama ce ƙwarai, fannoninta kaɗan ne, kuma ta mayar da riƙon hannun dokar gida: akwai shirin share fage kafin zango ya fara wanda kowa sai ya halarta, shekarar farko cikakken karatu ce, ɗalibai suna tafiya rukuni ɗaya daga aji zuwa aji. Ga yaro ɗan shekara 18 mai kunya, wanda zai ɓace a cikin taro, ban ga kamarta ba. Ga mai son aikin jinya ko wanda aiki ya ɗaure, ba wurinsa ba ne.

Sai batun Turanci, wanda ya fi shafar 'yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru, da waɗanda suka yi da Larabci. Kuskuren da ake yi shi ne a faɗa cikin darussan kiredit kai tsaye, a ƙona tallafin gwamnati ana faɗuwa, alhali tallafin yana da iyaka. Shirin CLIP yana koyar da Turanci na awa 25 a mako a kan kuɗi kaɗan, ba tare da an taɓa tallafin ba. Wanda Turancinsa ya zauna amma lissafi ko rubutu ya yi tsatsa, akwai CUNY Start da Math Start, su ma masu arha. Zango ɗaya da aka kashe a nan ya fi shekara guda ta maimaita kwas.

Kan kuɗi ba sai na tsawaita ba. A cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, a cike TAP, tallafin jihar New York. Tallafin tarayya na Pell mafi girma ya kai dala 7,395 a shekara, wanda ya zarce kuɗin makarantar. Tun 2019 dokar jiha ta buɗe wa wasu marasa cikakkun takardu ƙofar tallafin jiha idan sun yi sakandare a New York. Daga zangon kaka na 2025 kuma 'yan shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri suna iya karatu kyauta a wasu fannonin da ake neman ma'aikata, irin su jinya da fasahar kwamfuta. Mai bizar karatu ba shi da rabo a tallafin tarayya, ya san da haka tun kafin ya hau jirgi.

Yanzu hanya. Mutane suna raina wannan, ni kuwa na ɗauke shi kamar rabin shawarar. Hostos tana daidai kan tashar 149th Street da Grand Concourse, jirage masu lamba 2 da 4 da 5 duk suna tsayawa a bakin ƙofarta. Bronx Community College tana kan tudu a University Heights, ka sauka daga jirgi mai lamba 4 ka ɗan hau da ƙafa. BMCC tana can ƙasan Manhattan a Chambers Street, jirgi mai lamba 2 zai kai ka daga Bronx ba canji. LaGuardia tana kan layin 7 a Long Island City. Queensborough tana Bayside inda jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai ba, sai an haɗa da bas. Kingsborough tana bakin teku a ƙarshen Brooklyn, wuri mai kyau ƙwarai, amma mutumin Bronx da ya zaɓe ta ya sayi tafiyar da za ta ci masa awanni kullum, kuma ajin ƙarfe 8 na safe a watan Fabrairu ba ya jin uzuri. Mai ƙaramin yaro ta tambayi wurin renon yara na cikin makaranta. Hostos da BMCC da Bronx Community College duk suna da shi, sai dai gurbi kan cika da wuri.

To, mu zo kan fasaha, inda na san wasu dattawanmu za su yamutsa fuska. "Mu karatu muka turo shi, ba kiɗa da rawa ba." Na ji, Alhaji. Amma a duba tsarin karatun tukuna. A cikin darussan gama-garin nan na Pathways akwai rukuni guda na fasahar ƙirƙira, kuma duk mai neman takardar AA ko AS, wato takardun shekara biyu na masu niyyar ci gaba zuwa digiri, sai ya ɗauki kwas aƙalla ɗaya daga ciki, ko da injiniya yake son zama. Malaman irin wannan kwas sukan tura ɗalibi ya je ya kalli baje kolin zane ko wasan kwaikwayo ya rubuto abin da ya gani. Idan abin yana cikin harabar makaranta, kyauta ko da rangwamen ɗalibai, an huta da sayen tikiti mai tsada a tsakiyar gari. Kuma wanda kiɗa bai kwanta masa ba yana da zaɓi: tarihin zane, ɗaukar hoto, iya magana a gaban jama'a.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ni ya fi damuna. Waɗannan makarantu na jeka-ka-dawo ne. Ɗalibi ya shigo, ya zauna a aji, ya fice zuwa aiki, bai san kowa ba. Irin wannan shi ne wanda ranar da abu ya yi tsanani zai daina zuwa, ba wanda zai kira ya ji lafiya. Yaron da yake riƙe fitila a bayan dandali, ko yarinyar da aka rataye hotunanta a bangon zauren baje koli, yana da mutanen da za su lura da rashinsa.

Idan aka jera su a wannan fage, Hostos ce nake sa wa gaba ga mazaunin Bronx. Cibiyarta ta fasaha da al'adu tana aiki tun 1982, da babban zauren kallo mai kujeru kusan 900 da ƙarami mai ɗari uku da 'yan kai, da zauren baje kolin zane. Kwalejin an kafa ta a 1968 da sunan malamin nan ɗan Puerto Rico, Eugenio María de Hostos, don haka shirye-shiryenta sun fi karkata ga al'adun Latin da na baƙaƙen fatar Karibiyan. Ɗan Afirka ta Yamma da ya zauna ya saurari gangunan bomba zai ji wani abu da kunnensa ya sani. Tana kuma ba da takarda a ƙirar wasannin kwamfuta, zanen motsi da haɗa sauti, ga fannonin lafiya irin su jinya, tsaftar haƙori da ɗaukar hoton ƙashi.

BMCC ita ce mafi yawan ɗalibai, kuma kayan aikinta sun nuna haka: gidan wasanni na Tribeca Performing Arts Center, da zauren zane na Shirley Fiterman a ginin da ya lalace ranar 11 ga Satumba 2001 aka sake gina shi aka buɗe a 2012. Tana da fannin wasan kwaikwayo, kiɗa da harkar bidiyo. Matsalarta girman nata ne. Wanda ya shiga ba tare da ASAP ko wani shiri makamancinsa ba, yana iya zama kamar allura a cikin ruwa. LaGuardia tana da nata gidan wasan, kuma fanninta na ɗaukar hoto ya yi suna. Tana kuma sa kowane sabon ɗalibi ya ɗauki darasin shekarar farko da aka ɗinka da fanninsa. Queensborough kuwa tana da abin da zai ba mutum mamaki a wannan lungu na Queens: gidan ajiyar zane mai tarin kayan fasahar Afirka masu yawa. Bronx Community College, wadda aka kafa a 1957 ta koma tsohon harabar jami'ar NYU a 1973, ita ce mai fili da ciyawa da ɗakin karatu mai ƙubba da mai zanen gine-gine Stanford White ya zana. Ta fi sauran kama da jami'ar da yaro ya gani a talabijin, kuma wannan ma yana da tasiri a zuciyar ɗan shekara 18, ko da ba za a iya auna shi ba.

Wani tarko da za a kula da shi: katafaren zauren kallo ba ya nufin ɗalibai ne ke hawa dandalinsa. Wasu zaurukan haya ake ba da su ga 'yan waje mafi yawan shekara. Idan kun je ziyara, ku tambayi sau nawa ɗalibai suke gabatar da nasu wasan a zango, ko wanda ba ɗan fannin ba yana iya shiga, ko ana ba da aron kyamara da ɗakin haɗa sauti, da ƙarfe nawa ake rufe su. Allon sanarwa na bakin matakala ya fi ƙasidar talla faɗin gaskiya. A wannan zagayen ne kuma za ku tambayi inda ake sallah da ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Dokar ilimi ta jihar New York ta wajabta wa kwaleji ta bai wa ɗalibi damar rama jarrabawa ko aikin da ya rasa saboda ranar ibada, amma a sanar da malami tun farkon zango, ba daren Sallah ba.

Wanda niyyarsa ita ce ya wuce kwalejojin CUNY na shekara huɗu irin su Lehman ko City College ko Hunter ya cika digiri, ya zaɓi fannin AA ko AS. Takardar AAS ta neman aiki ce kai tsaye, kuma ba duk kiredit ɗinta ke shiga lissafin digiri ba. Wasu fannonin zanen kwamfuta da haɗa sauti AAS ne, don haka a yi wannan tambayar kafin rajista.

Da ɗana ne, muna zaune a Bronx, zan sa Hostos ko Bronx Community College a layin farko gwargwadon fannin da yake so, in tabbatar ya nemi ASAP a makon da aka ɗauke shi, in bar BMCC a layi na uku. Fom ɗin CUNY guda ɗaya ne, dala 65, kuma yana karɓar zaɓi har 6. Wanda ya miƙa kafin 1 ga Fabrairu shi ake fara dubawa don zangon kaka. Mai sakamakon WAEC ko bakaloriya ya fara tattara takardunsa tun Nuwamba, don fassarar na Faransanci da tantance su kan ɗauki makonni.