Amfilifaya mai bawul ɗin nan ba ta jan kowane belun kunne, ko me aka rubuta a kwalinta

Ba zan kama sunan kamfanin ba, balle na mai shagon. Masu bin harkar sauti sun san irin akwatin da nake nufi, sun kuma san kuɗinsa. Amfilifaya ce, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta belun kunne mai bawul biyu, wato kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo, ƙarami a gaba, babba irin 6080 a baya, babu taransfoma a ɓangaren fitar sauti, wato samfurin da ake kira OTL. A jikin kwalin an buga cewa tana jan belun kunne daga ohm 32 har zuwa 600 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar wuta). Wannan layin ne ya sayar da ita, kuma shi ne ya fi ƙona min rai.

Abin da aka sayo ta dominsa shi ne belun kunne Focal Clear, mai ohm 55, wanda ke ba da ƙarfin sauti dB 104 a kan miliwat ɗaya. A lissafin kwali yana tsakiyar abin da ta ce tana ɗauka. Amma da aka haɗa su, bas ya kumbura ya cika ko'ina. Dukan ganga da ya kamata ya sauka ya ɗauke sai ya tsaya yana ruri a kunne, bas gita ya hau kan muryar mawaƙi ya danne, kalangu ya rasa kaifin nan nasa. Duk wanda ya san Clear a kan na'ura mai kyau ya san tsabtar bas na cikin abubuwan da ake biyan kuɗinsa. Mai shago ya ce wai bawul ne bai gama nuna ba, a bar ta tana aiki na awa ɗari. Da wannan bai yi ba, sai ya ce a sayi wani bawul tsohon yayi, wanda shi ma a wurinsa ake samu. Wallahi ko bawul goma za a canza ba zai warke ba, domin ciwon ba a nan yake ba.

Ciwon yana cikin turjiyar fita ta amfilifayar, wadda ba a rubuta ta a kwali ba, ba a rubuta a takardar ciki ba. Kowa na iya auna ta da mitar masu gyaran rediyo. A kunna sauti ɗaya tsayayye daga kwamfuta, kamar Hz 400 ko ƙasa da haka, domin ƙananan mitoci ba sa karanta sauti mai tsini daidai. A sa mitar a kan AC, a auna ƙarfin da ke bakin jak ba tare da belun kunne ba, a murɗa har ya kai volt 1. Sai a ɗaura resista mai ohm 100 tsakanin ɓangare ɗaya na jak, hagu ko dama, da wayar ƙasa, a sake aunawa ba a taɓa boliyum ba. A raba na farko da na biyu, a cire ɗaya, a ninka da 100. A kan wannan akwatin karatun ya faɗo zuwa wajen volt 0.45, wato turjiyar fitarta ta kai ohm 120 da 'yan kai.

Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce turjiyar fita kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar belun kunne. Ga mai ohm 55, wannan ya kama ohm 7 ko ƙasa. Ita tana da 120, fiye da ninki biyu na belun kunnen kansa. Dalilin ƙa'idar kuwa, ohm 55 ɗin da aka rubuta ba ya tsayawa wuri guda. A belun kunne mai maganaɗisu da naɗin waya, turjiya na tashi sosai a daidai inda lasifikar ke rawa da kanta, kuma wannan wurin cikin bas yake. Na Clear yana tashi ninki da yawa. Amfilifaya da belun kunne rabon wuta suke yi gwargwadon turjiyarsu. A tsakiyar sauti, 55 cikin 175 ne ke isa kunne, wajen kashi 31 cikin ɗari. A ce a bas turjiyar ta hau 300: sai ya zama 300 cikin 420, kashi 71. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai dB 7. Ke nan akwatin ya ƙara wa bas dB 7 ba tare da an roƙe shi ba, kuma babu maɓallin da zai mayar. Ga kuma rashin birki: idan turjiyar fita ta yi yawa, amfilifaya ba ta iya tsayar da lasifika da zarar sauti ya ƙare, shi ne rurin da ke bin bayan ganga.

Sannan OTL ta fi ƙarfi wajen volt, ba wajen yawan wutar da ke gudana ba. Belun kunne mai ƙaramar turjiya kuwa gudanar wuta yake nema. Shi ya sa da an ɗan ƙara murya a kan Clear sai sautin ya fara kaushi tun ba a je ko'ina ba. Masu belun kunne irin na faifai, wato filana, kar su ce su sun tsira don turjiyarsu a miƙe take. Gaskiya ne bas ba zai kumbura musu ba, amma ga HiFiMan HE-6: ohm 50, dB 83.5 a miliwat ɗaya. Kafin ya kai dB 110 a ƙololuwar kiɗa yana buƙatar kusan miliwat 450, wato volt 4.7 da miliamfiya 90 da wani abu. Clear miliwat 4 ya ishe shi ya kai wannan matakin, ƙasa da rabin volt. Dukansu suna cikin "32 zuwa 600", amma buƙatarsu ta bambanta fiye da ninki ɗari. Abin da layin kwalin ke nufi kawai shi ne idan aka soka jak za a ji ƙara.

A nan na yanke shawarar ba ta tauraro ɗaya, kuma da an tsaya nan da shi ke nan.

Sai aka sa mata Sennheiser HD 600, tsohon nan da ke kasuwa tun 1997, mai ohm 300. Gaskiya na ji kunyar zagin da na yi mata a raina, domin sautin ya yi daɗi ƙwarai. Lissafin ma ya nuna dalili. HD 600 na tashi daga 300 zuwa sama da 500 a wajen Hz 100. Da turjiyar fita 120, ƙarin da ake samu a bas bai wuce dB ɗaya da ɗan kai ba, kuma wannan belun kunnen dama ba ya ƙin ɗan ƙarin nama a ƙasa. Muryoyi suka yi kauri ba tare da sun dushe ba, goge da sarewa suka daina yanka kunne ko an ƙara murya. Volt yake so, volt 2 zuwa 3 sun kai shi inda ba a iya jurewa, wutar da yake ja kuma ba ta taka kara ta karya ba, miliamfiya 10 a volt 3. Abin da OTL ta iya ke nan. HD 650 da Beyerdynamic masu ohm 250 ko 600 duk suna wannan layin. Da kamfanin ya rubuta "ohm 250 zuwa sama" a kwali, da babu mai ƙorafi, da ni ma tauraro huɗu zan ba ta in ƙara da godiya.

Amma ko a kan HD 600 ɗin, idan waƙa ta ƙare sai ƙugi ya bayyana. Ba shi da ƙarfi, yana dai nan a ƙasa, kuma wanda ya kashe irin wannan kuɗin shiru yake so tsakanin waƙa da waƙa. Gano tushensa bi da bi ne. A fara cire wayoyin RCA masu shigo da sauti daga baya, a mayar da boliyum ƙarshen ƙasa. Idan ƙugin bai tafi ba, kuma murɗa boliyum bai canza shi ba, daga cikin akwatin yake: ko wutar da ke dumama bawul, ko tace wuta da ba ta isa ba, ko bawul ɗin kansa. Mai kauri sumul na Hz 50 ne, daidai da bugun wutar gari. Mai ɗan ƙara-ƙara kamar ƙudan zuma galibi na Hz 100 ne, daga inda ake mayar da wuta DC. Idan kuwa sai an mayar da RCA yake dawowa, kuma yana tashi da boliyum, to zagayen wayar ƙasa ne tsakanin kwamfuta da DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobin kwamfuta sauti, da amfilifaya. Idan yana tsiwa duk lokacin da aka motsa linzamin kwamfuta, ta USB ya shigo. Wannan akwatin yana da iri biyu a lokaci guda. Na waje ya tafi da aka haɗa komai a soket ɗaya, aka kuma sauya USB da wayar haske ta TOSLINK, wadda ba ta ɗaukar wuta ko kaɗan. Na ciki yana nan daram, kuma a kan Clear ya fi fitowa saboda saurin jinsa.

Kada wani ya ba ku shawarar karya ƙafa ta uku ta filogi don kashe ƙugi. Yana kashewa wani lokaci, amma cikin akwatin nan akwai wuta sama da volt ɗari, jikinsa kuma ƙarfe ne.

Masu amfani da inbata su lura: idan ba mai fitar da wuta sumul ba ce, taransfomar wutar amfilifayar da kanta za ta riƙa kuka a kan tebur, har a ji ba tare da an sa belun kunne ba, ta kuma yi zafi fiye da ƙima. Ƙaramin janareto ma haka. Zafi dama tana da shi, domin dumama bawul 6080 kaɗai na cin amfiya 2.5 a volt 6.3, kusan wat 16 kafin a fitar da sauti ko ɗaya. A watan Afrilu, a ɗakin da ba iska, ba abin da za a ajiye kusa da fuska ba ne. A duba maɓallin 115 da 230 a baya kafin a soka ta a bango. A kunna ta, a jira kamar minti ɗaya sannan a sa jak, a kuma cire jak kafin a kashe, saboda bugun da take yi a waɗannan lokutan.

Wani abin haushin shi ne ƙarfin ninkawarta ya yi yawa kuma ba maɓallin ragewa. DAC na ba ta volt 2, ita kuma ta ninka, sai ya zama ana sauraro a farkon murɗa boliyum, daidai inda irin wannan maɓallin ba ya raba hagu da dama daidai. Muryar mawaƙi sai ta karkata gefe guda. Maganin shi ne a rage dB 12 daga DAC, a ɗaga na amfilifaya zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya a fuskar agogo. Ba a asarar komai: kowane dB 6 bit ɗaya ne, waƙar faifan CD bit 16 ce, DAC ɗin kuma na aiki da 24 ko fiye. Sai dai a fara kashe ƙugin da ke shigowa ta RCA, in ba haka ba ɗaga boliyum zai ɗaga shi tare.

DAC ɗin da aka haɗo a cinikin ba ni da ta cewa a kansa, yana aikinsa. Mai shago ya yi ta jaddada sunan guntun lantarki da ke ciki, na kamfanin ESS ne ko AKM, kamar shi ne komai. Bayan gobarar masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan cikin Oktoba 2020, kamfanoni da dama sun koma ESS ko Cirrus Logic, kasuwa kuma ta ci gaba. Wanda ke son gwada DAC biyu ya fara daidaita ƙarfinsu da mita a kan sauti ɗaya tsayayye, domin wanda ya ɗara da rabin dB galibi shi kunne ke zaɓa. Da aka daidaita wannan da ƙaramar adaftar Apple ta USB-C, wadda ta Amurka ke ba da volt 1, ta Turai kuma rabin haka, ban iya rantsewa a kan wanne ke kiɗa ba. Abin dubawa a DAC shi ne yana da volt 2 a RCA, yana da ƙofar wayar haske, yana da boliyum nasa.

Clear yanzu yana kan ƙaramar amfilifaya mai taransista, turjiyar fitarta ƙasa da ohm 1, a matakin ƙarfi na ƙasa, kuɗinta bai kai rabin na mai bawul ba, bas ɗinsa ya dawo daidai kuma babu ƙugi. Mai shago ya ƙi karɓar tasa saboda an buɗe kwali, alhali ba yadda za a san turjiyar fitarta sai an buɗe an auna. Da na nuna masa karatun ohm 120 a fuskar mita, cewa ya yi masu kunne ba sa sauraron lamba, sannan ya sake ciro bawul ɗin nan tsohon yayi daga aljihun tebur ya faɗi kuɗinsa.