Sifana mai lanƙwasa kai da notin da ido ba ya gani

Jirgin ruwan da yayana ya sayo na hannu daga Kwatano irin wanda ake ƙerawa a Amurka ne domin jan masu wasan zamiya a kan allo. Gangar jikinsa ta fayiba ce, kuma a samansa akwai hasumiyar alminiyum mai ƙafa huɗu, inda ake ɗaura igiyar ja. A tafkin Madarunfa babu mai yin wannan wasa, saboda haka muka ɗaura wa hasumiyar tamfol don inuwa. Bayan damina sai ƙafar baya ta dama ta fara motsi, tana ƙara duk sanda jirgin ya bugi ruwa. Wannan ne ya sa na sayi saitin sifana mai lanƙwasa kai, wadda makanikanmu na Maraɗi suka fi kira kile, a wani shagon kayan gyara kusa da babbar kasuwa.

Notin da ke riƙe da ƙafar hasumiyar yana ƙarƙashin bakin jirgin, a bayan allon jingina. Hannu yana shiga har gwiwa, amma ido ba ya kaiwa, kuma wurin bai fi faɗin tafin hannu ba. Sifanar zobe da muka saba da ita tana buƙatar a juya ta digiri 30 kafin a zare a sake kamawa, kuma babu wannan sarari a can. Wannan kuwa tana da haƙora 72 a cikin zobenta, don haka motsin digiri 5 ya ishe ta, ba tare da an cire ta daga kan notin ba. A nan ta biya kuɗinta. Na lanƙwasa kan lamba 17, na lalubo notin da yatsa na zura, yayana yana riƙe da kan kusar daga sama, kuma cikin mintuna kaɗan aka gama abin da ya gagare mu wuni guda.

Tana da aibi guda biyu da ya kamata mai saye ya sani. Gwiwar da ke haɗa kan da mariƙi ba ta da makulli, kuma tun a ranar farko ta saki, har kan yana faɗuwa kafin ya kai ga notin, sai da na naɗe shi da salatif. Sannan ba ta da maɓallin sauya juyi, sai dai a kifa ta, wanda ke nufin idan ana kwance noti a wuri matsattse tana iya maƙalewa tsakaninsa da bango. Ban kuma amince a ɗora mata bututu don ƙarin ƙarfi ba, domin haƙoranta ƙanana ne.

Ɗaurewar farko ba ta wuce mako biyu ba, kuma laifin ba na sifanar ba ne. Da na haska wurin da kyamarar waya, sai na ga babu farantin ƙarfen da ke raba nauyi a ƙarƙashin fayibar, washa ɗaya ce kawai, ta riga ta nutse. Maƙeri ya yanka mana farantin alminiyum, muka goge zaren kusar, muka ɗiga masa Loctite 243 shuɗi, ruwan manne zaren kusa, wanda ke riƙewa amma yana kwantuwa da kayan hannu, muka bar shi awa 24 kafin mu saka jirgin a ruwa. Mun ɗaure a hankali, saboda ƙarfen kusar irin wanda ba ya tsatsa ne, yana cije zare idan aka yi masa gaggawa, fatar fayiba kuma tana tsagewa idan aka matse ta fiye da kima.

Ga mai gyaran mota ko injin ban ruwa, ina ganin lamba 10, 13 da 17 sun isa, ba sai an sayi saitin duka ba. A gwada taurin gwiwar a shago kafin a biya.