GCN na NASA: Ƙararrawar Masu Farautar Fashewar Hasken Gama

Fashewar hasken gama, wato walƙiyar haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga can nesa a sararin samaniya, ba ta jiran kowa, wata ko daƙiƙa 2 ba ta kaiwa. Shi ya sa masu binciken taurari suka dogara da GCN (General Coordinates Network), hidimar kyauta ta NASA da ke aika sanarwa cikin daƙiƙoƙi bayan tauraron ɗan'adam na Swift ko Fermi ya hango fashewa.

Shiga ba wuya: ka yi rajista, ka karɓi lambar shaida da mabuɗin sirri, ka girka manhajar karɓar saƙonni ta gcn-kafka a Python, harshen rubuta manhaja, sannan ka zaɓi na'urorin da kake son jin saƙonsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin fashewar da aka nuna maka a sararin samaniya. Na'urar hango fashewa ta Swift, wato BAT, takan taƙaita shi zuwa kusan kashi 1 cikin 20 na digiri (ma'aunin faɗin wuri a sararin samaniya), amma takwararta GBM ta Fermi kan bar maka fili mai faɗin digiri da yawa, ƙaramin madubin hangen nesa ya yi ta lalube. Kuma sanarwar farko inji ne ya aiko. Wani lokaci tartsatsin rana ne kawai, ba fashewar hasken gama ba. Sai ka jira Circulars, rahotannin da masana ke rubutawa da hannunsu, kafin ka kashe darenka a kai.